Darbul Ahmar: Yadda Wata Unguwa a Tsohon Birnin Alƙahira Ta Sha da Ƙyar Daga Rusau

A gabashin tsohon birnin Alƙahira akwai wani tudu da ake kira Darrasa. Asalinsa juji ne. Shara da ɓaraguzan gini mutanen birni suka yi ta zubarwa a bayan ganuwa har kusan shekara 500, suka taru suka yi tsiri, har suka binne ganuwar kanta. A yau wurin shi ne Lambun Azhar, fili mai faɗin hekta 30 da itatuwa da tafki, inda iyalai ke zuwa shan iska. A gindin tudun ta yamma akwai unguwar Darbul Ahmar, kuma a kanta wannan nazari zai tsaya. Gidauniyar Aga Khan ta Raya Al'adu ta shafe fiye da shekara 10 tana aiki a cikinta, inda ta yi karo da tambayar da ke jiran duk mai son gyara tsohon birni: idan gine-ginen tarihi suna tsakiyar gidajen talakawa da suka tsufa, yaya za a yi da gidajen, yaya kuma za a yi da mutanen da ke cikinsu?

Fatimiyawa ne suka kafa Alƙahira a shekarar 969. Bayan da Salahuddin Al-Ayyubi ya karɓi mulki, sai ya soma gina fadar tsaro a kan dutse a kudancin birnin a 1176, tare da sabuwar ganuwa ta dutse. Daga nan hanyar da ta taso daga ƙofar Zuwaila ta nufi fadar ta zama hanyar sarakuna. A zamanin Mamlukawa, wato daga 1250 zuwa 1517, ta nan sarki ke bi da ayarinsa, don haka duk wani babban hafsa da ke son a san da zamansa sai ya nemi fili a bakin hanyar ya gina masallaci ko makaranta ko hubbare. Masallacin Maridani an kammala shi a wajen 1340, na Aslam Silahdar a wajen 1345, na Aƙsunƙur a 1347. Sarki Sha'aban ya gina wa mahaifiyarsa makaranta da masallaci a 1368 zuwa 1369. Khayrbak, gwamnan birnin Halab na Siriya wanda ya juya wa sarkinsa baya a yaƙin Marj Dabiƙ a 1516 har Usmaniyawa suka naɗa shi gwamnan Masar, shi ma a nan ya bar nasa ginin. Gine-gine 65 ne a unguwar hukumar kayan tarihi ta yi wa rajista. Akwai kuma ɗaruruwan tsofaffin gidaje masu kyawun fasali waɗanda ba su cikin kowane kundi, kuma su ne jikin unguwar na gaske. A 1979 hukumar UNESCO ta sanya tsohon birnin Alƙahira cikin wuraren tarihi na duniya.

Yadda unguwar ta lalace

Ruwa ba ya tsami banza. A ƙarni na 19 Khedive Isma'il, mai mulkin Masar a lokacin, ya gina sabon gari irin na Turai a yammacin tsohon birni, ya mayar da kujerar mulki fadar Abidin. Masu hannu da shuni suka bi shi. Manyan gidajen da suka bari aka yanyanka su ɗaki-ɗaki aka zuba 'yan haya, yawancinsu masu sana'ar hannu: kafintoci, masu ɗinkin takalma, maƙera, masu ɗinkin rumfuna.

Sai dokar haya ta zo. A zamanin Jamal Abdul Nasir gwamnati ta rage kuɗin haya fiye da sau ɗaya, ta daskarar da shi, dokokin da suka biyo baya kuma suka ba ɗan haya damar barin ɗakin ga magadansa. Niyyar mai kyau ce, kuma ta rufa wa miliyoyin mutane asiri. Amma bayan shekara 30 sai ga mai gida yana karɓar 'yan fam kaɗan a wata a kan bene mai hawa uku. Da wane kuɗi zai gyara rufi? A 1996 aka yi dokar da ta saki farashin sababbin yarjejeniyoyi, tsofaffin kuwa suka ci gaba yadda suke. A wannan yanayi ribar mai gida ɗaya ce: ginin ya faɗi, yarjejeniyar haya ta mutu tare da shi, fili ya dawo hannunsa. Ga kuma gidajen gado da magada suka yi yawa a kansu har babu mai iya yanke shawara, ga gidajen waƙafi da ke hannun ma'aikatar gwamnati, wadda ita ma abin da take karɓa bai taka kara ya karya ba.

Ta ƙarƙashin ƙasa kuma ruwa na aikinsa. Tsofaffin bututun famfo da na bahaya suna yoyo, danshi yana hawa bango ɗauke da gishiri. Girgizar ƙasar ranar 12 ga Oktoba 1992, wadda ta kashe mutum fiye da 500 a Alƙahira da kewaye, ta zo ta tarar da gidaje da yawa sun riga sun yi laushi.

Duk waɗannan sanannun cututtuka ne na tsohon gari. Abin da ya fi su illa a ganina shi ne layin da aka ja a kan taswira. A 1973 hukumomi suka amince da wani tsarin gari wanda ya tanadi faɗaɗa titunan unguwar, abin da ke nufin ture gidajen da suka faɗo cikin layin. Ita kuma hukumar kayan tarihi tana da nata ra'ayin: a share gidajen da ke manne da ganuwa da sauran gine-ginen tarihi, a bar musu sarari, wanda a gefen ganuwa ya kai kimanin mita 30. Wannan ra'ayi tsoho ne. Tun kwamitin adana gine-ginen Larabawa da aka kafa a 1881 ake ganin mutunta masallacin tarihi shi ne a raba shi da maƙwabtansa, ya tsaya shi kaɗai a fili ana kallonsa ta kowane ɓangare.

Gwamnati ba ta da kuɗin biyan diyya, saboda haka yawancin rusau ɗin bai faru ba. Amma layin ya zauna a kan takarda, kuma ya yi ɓarnar da katafila ba ta yi ba. Gidan da ke cikin layi ba a ba shi takardar izinin sake gini ko babban gyara. Wanda ke cikinsa ya san ana iya zuwa gobe, ana iya kaiwa shekara 20 ba a zo ba. Idan ya zuba kuɗinsa a bango, wataƙila ya yi asara. Idan ya ƙyale, bangon na iya faɗo wa 'ya'yansa. Gaba kura, baya sayaki. Mutum mai hankali a irin wannan hali sai ya toshe tsagar da siminti, ya dafa rufin da gungume, ya jira. Bayan shekaru jami'i ya zo duba unguwa, ya ga gidaje sun ruɓe, ya rubuta cewa mutanen nan ba su san darajar tarihi ba, lallai a tashe su. Hukuncin rusau shi ya haifar da lalacewar da daga baya ake kafa hujja da ita a ce rusau ya wajaba. Wanda bai gane wannan zagaye ba zai yi ta zargin talaka da laifin da takardar ofis ta aikata.

Lambu da ganuwar da ta fito

A 1984, a wani taro kan bunƙasar Alƙahira, Aga Khan na huɗu, shugaban Musulmi 'yan Isma'iliyya wanda daga baya ya kafa gidauniyar, ya yi alkawarin bai wa birnin kyautar lambun shaƙatawa. Aka zaɓi jujin Darrasa. Aiki ya yi jinkiri saboda an riga an ware wurin don gina manyan tankunan ruwa guda 3, kowanne faɗinsa mita 80, sai da aka gama su aka rufe su da ƙasa aka yi shuka a kai. Daga tsakiyar shekarun 1990 aka shiga kwasa: ƙasa da ɓaraguzai kimanin kubik mita miliyan 1.5, lodin tipa 80,000. Ƙasar wurin gishiri ya yi mata yawa, dole aka gyara ta aka kuma reni tsirrai sama da 650,000 a gandun reno. Lambun ya ci dala miliyan 30, aka buɗe shi a hukumance a watan Maris 2005.

Ana cikin sassabe gangaren tudun ta yamma sai ganuwar Salahuddin ta soma bayyana. A wasu wuraren sai da aka haƙa zurfin mita 15 kafin a kai gindinta. Tsawon abin da ya fito ya kusa kilomita 1.5, da hasumiyoyin tsaro da ɗakunan 'yan baka da ƙofofi irin su Barƙiyya da Mahruƙ. Sharar da ta binne ta ita ce ta kare ta. Amma ta ɗaya fuskar, ta cikin gari, gidajen Darbul Ahmar sun jingina da ita, wasu ma sun hau kanta, sun mayar da wani sashenta bangon ɗaki. A nan aikin ya tashi daga shuka itatuwa ya koma shari'ar unguwa.

Kai ruwa rana a kan ganuwa

Hanyoyi biyu ne a gaba. Ta farko ita ce wadda aka saba: a biya abin da ya sawwaƙa, a kwashe mutanen zuwa sababbin gidaje a bayan gari, a share mita 30, ganuwa ta fito fes, baƙo ya sauko daga lambu ya ɗauki hoto. Masu wannan ra'ayi ba mahaukata ba ne, kuma hujjarsu tana da ƙarfi. Ban-ɗakin da ke yoyo a jikin dutsen da ya shekara 800 yana cinye shi. Nauyin ɗakin da aka ɗora a kan badala yana tsaga ta. Aikin hukumar kayan tarihi kare dutse ne, ba a ɗora mata kula da iyalai ba.

Ma'aikatan gidauniyar, ƙarƙashin Stefano Bianca da Francesco Siravo tare da matasan masana gini 'yan Masar, suka bi hanya ta biyu. Suka shiga gida-gida a tsawon ganuwar, suna auna kowane gini: ina ya taɓa ganuwa, ina ruwansa ke bi, mutum nawa ke kwana a ciki, wa ya mallaka, wa ke haya. Binciken zamantakewar da suka yi ya nuna abin da ya saɓa wa zaton jami'ai. Mutanen unguwar ba baƙin haure ba ne masu jiran su samu wuri su gudu. Da yawansu a nan aka haife su, a nan sana'arsu take, kuma suna son zama, har suna shirye su sa kuɗinsu a gyara idan an tabbatar musu ba za a kore su ba. Da wannan suka koma wa hukuma da hujja: abin da ke cutar ganuwa ruwa ne da nauyi, kuma ana iya maganin kowanne ba tare da an kori kowa ba. A ɗauke ban-ɗaki daga jikin ganuwa a mayar da shi ɗaya ɓangaren gidan. A sauke ɗakin da ya hau badala. A sa sababbin bututu. Sauran gidan a bar shi.

Sun ƙara da wata hujjar da na fi yarda da ita. Gidajen nan sun daɗe suna jingine da ganuwa, su ma tarihi ne. Birnin da aka gada haka yake, masallaci da shago da gida a cuɗe. Kuma filin da aka share aka bari babu mai shi ba ya daɗewa fes. Wurin da ya taɓa zama juji shekara 500 ba zai yi wuyar komawa juji ba. Maƙwabcin da ke buɗe taga kullum yana ganin ganuwa ya fi mai gadin gwamnati sa ido a kanta.

An daɗe ana ja-in-ja. A ƙarshe hukumar kayan tarihi ta yarda a gyara gidajen gefen ganuwa a bar mutanensu, daga baya kuma aka yi aiki da gwamnatin lardin Alƙahira aka sake tsarin unguwar, aka janye barazanar faɗaɗa titunan 1973. Babu hoton da za a ɗauka na wannan nasara, shi ya sa ba a cika ambatonta ba idan ana yabon lambun. Amma duk abin da aka yi a cikin lungunan bayan haka a kanta ya tsaya.

Gyaran gida ɗaya

Yana da kyau a duba yadda gyaran gida guda yake, domin a nan ake gane dalilin tsadar irin wannan aiki da jinkirinsa. A ɗauki irin gidan da ya yawaita a unguwar: hawa uku, ƙasansa dutse, samansa bulo, rufinsa katako, iyali huɗu ko biyar a ciki, wasu suna tarayya a ban-ɗaki ɗaya a ƙarƙashin matakala. Kafin magini ya taɓa komai sai an zauna da mai gida ko magadansa da kowane ɗan haya. Mai gida yana tambaya me zai samu, tunda hayarsa ba za ta ƙaru ba. Ɗan haya yana tsoron idan ya fita don a yi gyara ba zai dawo ya tarar da ɗakinsa ba. Sai an rubuta yarjejeniya da ta tabbatar masa da komawa. Sannan a raba kuɗi: kaso mafi girma tallafi ne, ragowar rance ne da mazauna gidan za su riƙa biya kaɗan-kaɗan a wata. Wannan zaman sulhu kan ɗauki lokaci fiye da ginin kansa, kuma magaji ɗaya da ya ƙi sa hannu ya isa ya tsayar da komai.

Idan an daidaita, iyalai su kwashe kayansu su raɓa wurin dangi na wasu watanni. Magina su kankare shafen simintin da aka yi wa gindin bango. Wanda bai sani ba zai ga kamar ɓarna ce, ga shafe mai ƙarfi ana fasawa. Amma siminti ba ya barin bango ya yi numfashi. Danshin da ya hau daga ƙasa sai ya maƙale a bayansa, ya ƙara hawa sama, gishirin da ke cikinsa ya bushe a cikin dutse ya mayar da shi gari. Idan aka ɓamɓare shafen sai a ga dutsen yana zuba a hannu. A cire waɗanda suka mutu, a sa sababbi, a ɗaure su da kwaɓin farar ƙasa irin na da, wanda ke barin danshi ya fita. A duba katakan rufi ɗaya-ɗaya, waɗanda bakinsu ya ruɓe a cikin bango a canza su. A ja sabon bututu, a yi wa kowane iyali ban-ɗakinsa da ɗan madafinsa. Wannan na ƙarshe shi ne abin da matan gidan suka fi damuwa da shi, kuma suna da gaskiya. Ba a cewa mace ta so tsohon gida saboda kyawun tagarsa alhali tana bin layin ban-ɗaki da asuba.

Masu aikin da yawansu 'yan unguwar ne. Sassaƙar dutse da kwaɓin farar ƙasa da kafintancin tagogin gargajiya sana'o'i ne da suka kusa ɓacewa, aka koya wa matasa su a bakin aiki, a jikin ganuwa da masallatai. An kuma buɗe shirin ba da ƙananan rance ga masu sana'a, da asibitin sha-ka-tafi, da azuzuwan yaƙi da jahilci. Wata tsohuwar makaranta a lungun Shuglan da ta zama kango aka gyara ta ta koma cibiyar al'umma. Kuɗin waɗannan ya fito daga gidauniyar da abokan tarayya irin su Gidauniyar Ford da asusun raya ƙasa na Masar da Suwizalan da Asusun Gine-ginen Tarihi na Duniya.

Masallatan ma an gyara su. Hasumiyar makarantar mahaifiyar Sarki Sha'aban da ta Khayrbak, waɗanda kawunansu suka faɗi tun girgizar ƙasar 1884, an mayar musu da su. An gyara masallacin Aslam tare da dandalin da ke gabansa da fuskokin shagunan da ke kewaye, don kada a ga masallaci yana ƙyalli a tsakiyar kwata. Masallacin Aƙsunƙur, wanda ake kira Shuɗin Masallaci saboda tayil ɗin da Ibrahim Aga, wani hafsan Usmaniyawa, ya lulluɓe bangonsa da su a shekarun 1650, an sake buɗe shi a 2015. Abin lura shi ne an mayar da su wuraren salla da hidimar jama'a, ba a kulle su ana jiran 'yan yawon buɗe ido ba.

Inda aikin bai kai ba

Gidajen da aka gyara sun ɗan haura 100. A unguwar da ke da dubban gine-gine, wannan kaɗan ne ƙwarai. An yi fatan maƙwabta za su gani su kwaikwaya da kuɗinsu, bankuna su shigo, gwamnati ta ɗauki salon ta yaɗa shi. Hakan bai faru yadda aka so ba. Gyara irin wannan yana buƙatar tallafi mai yawa a kan kowane gida, kuma da kuɗin masu ba da taimako ya ja baya sai shirin gidajen ya tsaya. An tsara cewa kuɗin shiga lambu da na gidajen abincinsa za su riƙe lambun har a samu rarar da za a zuba a unguwa. Lambun kam yana riƙe kansa, yana karɓar baƙi kusan miliyan 2 a shekara, amma rarar ba ta isa ta ɗauki nauyin gyaran unguwa guda ba.

Kuɗin shigar kansa abin magana ne. An yi wa mazauna kewaye rangwame, an kuma buɗe musu ƙofa ta jikin ganuwa. Duk da haka, uban 'ya'ya biyar mai aikin yini ba zai riƙa biya kullum don yaransa su taka ciyawa ba. Masu kare tsarin suna cewa da kyauta ne da lambun ya lalace kamar sauran lambunan gwamnati. Wataƙila haka ne, amma ina ganin yaron da aka haifa a gindin tudun, wanda iyayensa suka shaƙi ƙurar jujin, ya cancanci ya hau shi ba da tikiti ba.

Babban gwajin ya zo bayan juyin juya halin Janairu 2011. Hukuma ta yi rauni, masu sa ido a kan gine-gine suka ja da baya. 'Yan kwangila suka shiga tsohon birni suna sayen tsofaffin gidaje daga magada, su rushe cikin dare, su tayar da benaye masu hawa 8 ko 10 ko fiye a lungun da mota ba ta iya shiga. Darbul Ahmar na cikin unguwannin da abin ya fi shafa, kuma kusancinta da lambu ya ƙara wa filayenta daraja a idon masu wannan harka. Akwai doka ta 144 ta shekarar 2006 da ke kare gine-gine masu daraja ta fuskar fasali, amma a aikace doka ce mai hana rushewa ba tare da ta ba mai gida ko sisin gyara ba. Wanda ya matsu sai ya nemi a cire gidansa daga kundi, ko ya saki ruwa a gindinsa ya jira injiniya ya rubuta cewa ya zama haɗari. Ba na ɗora wa magadan laifi duka. Iyalin da suka gaji gidan da ba ya kawo musu komai, ga ɗan kwangila da kuɗi a hannu, ba wa'azin tarihi ne zai tsayar da su ba. Wanda ya tsaya a kan tudun yau ya dubi yamma zai ga hasumiyoyin da aka kashe shekaru ana gyarawa, a bayansu kuma dogayen benayen jan bulo sun kere su.

Sassaucin da aka samu a gefen ganuwa ma bai zama ƙa'idar ƙasa ba. Ya tsaya a matsayin alfarma da aka yi wa aiki guda, mai babban majiɓinci da ke iya ganin shugaban ƙasa. Ga misali nan kusa: unguwar Hattaba da ke gindin fadar Salahuddin, tafiyar 'yan mintoci daga Darbul Ahmar, ta faɗa cikin sararin kariyar fadar, mutanenta sun daɗe a cikin irin wancan hali na hana gyara da jiran tashi, har sai da wata ƙungiyar masana gini 'yan ƙasa mai suna Athar Lina ta sake ɗauko hujjojin nan daga farko tana roƙon a bar su su gyara. A ɗaya gefen lambun kuma, tsallaken titin Salah Salim, an rushe sassan tsohuwar maƙabartar Alƙahira a 2020 don shimfiɗa sabon titi, aka sake rushe wasu sassan maƙabartun tarihi a shekarun da suka biyo baya.

Ba daidai ba ne a ce aikin ya tashi a banza. Iyalan da aka gyara wa gidaje suna ciki. Ganuwa tana tsaye da maƙwabtanta. An gyara masallacin Maridani da tallafin Tarayyar Turai, aka kammala kashin farko a 2021, kuma a cikin masu irin wannan aiki a Alƙahira yau akwai waɗanda suka koyi sana'ar a jikin ganuwar Salahuddin. An kuma nuna a aikace, da gidaje da mutum zai je ya taɓa, cewa ana iya kare dutsen tarihi ba tare da an kori wanda ke kwana kusa da shi ba, abin da kafin nan jami'ai ke ɗauka mafarki ne.

Aga Khan na huɗu ya rasu a Lisbon ranar 4 ga Fabrairu 2025, aka binne shi a Aswan. A shekarar ce kuma aka taɓa ɗaya daga cikin tushen matsalar. Bayan hukuncin kotun tsarin mulki na Nuwamba 2024, majalisar Masar ta yi doka ta 164 ta 2025 wadda za ta kawo ƙarshen tsohuwar haya: shekara 7 ga gidajen kwana, shekara 5 ga shaguna da ofisoshi. Tun yanzu an ninka kuɗin hayar, a unguwannin masu ƙaramin ƙarfi sau 10, mafi ƙaranci fam 250 a wata, da ƙarin kashi 15 cikin 100 kowace shekara, gwamnati kuma ta yi alkawarin samar wa waɗanda suka cancanta wasu gidajen. Ga tsohon gini wannan na iya zama alheri, domin mai gida zai samu dalilin gyara rufinsa. Yana kuma iya samun dalilin sallamar 'yan haya ya sayar wa ɗan kwangila, ko ya mayar da gidan masaukin baƙi masu son kallon hasumiyoyi. Gidajen da gwamnati ke ginawa galibi suna sababbin garuruwa ne a cikin hamada, nesa da shagon kafinta da masu sayen kayansa. Tsofaffin 'yan hayar Darbul Ahmar, har da waɗanda suka biya rance wata-wata don gyara gidan da ba nasu ba, wa'adinsu zai cika a 2032.